Yaya ake ƙirga jemagu a san ko suna hayayyafa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne. Jemagu sun cika itatuwan da ke bayan makarantarmu. Ta yaya masana ke sanin yawansu, da ko 'ya'yansu na rayuwa?

Amsa: Ɗalibi, da alama naku manyan nan ne masu cin 'ya'yan itace, masu ruwan ɗorawa a wuya, waɗanda ake kira Eidolon helvum. Irinsu ne ke rufe itatuwan Asibitin Sojoji na 37 a Akara, babban birnin Ghana, su ne kuma ke taruwa miliyoyi a dajin Kasanka na Zambiya daga Oktoba zuwa Disamba.

Ƙirgar da rana ake yi, suna rataye. Ka ƙirga na reshe guda, ka ninka da yawan rassan da suka ɗauka haka, sannan ka bi sauran itatuwan. Wasu kan tsaya da magariba su ƙiyasta masu tashi. Amma ƙirgar wata ɗaya ba ta gaya maka komai, domin wannan jemage ɗan ci-rani ne, yana bin damina da nunar 'ya'yan itace. Sai ka riƙa komawa duk wata, a lokaci guda, shekara da shekaru.

Batun haihuwa shi ne ya fi damuna. Macen ɗa ɗaya tal take haifa a shekara, don haka taro na iya cika ido alhali yana ƙarewa a hankali. Masana kan kafa raga mai laushi su kama kaɗan. A shafa cikin mace a ji ko da ɗa. A duba hammatarta, nan nononta yake. In gashin wurin ya goge, tana shayarwa ko ba ta daɗe da yaye ɗa ba. Ɗan bana kuwa, a shimfiɗa fiffikensa a haska tocila ta baya: gaɓoɓin yatsunsa za su nuna guringuntsi mai haske, ƙashin bai gama haɗewa ba. Yawan irin waɗannan a cikin kamun shi ke nuna yadda shekarar ta kasance.

Kai dai ka tsaya ga tabarau mai hangen nesa, za ka ga jinjiri manne a ƙirjin uwarsa. Kamu aikin wanda ya yi allurar rigakafin ciwon haukan kare ne, da safar hannu mai kauri. Kuma don Allah ka hana yara jifansu lokacin goyo. Uwa in ta firgita takan saki ɗanta, wanda ya faɗo ƙasa kuwa da wuya ya tashi.