Yauƙin da bakteriyar cikin rake take fitarwa

Ka tambaya ko yauƙin da ya lulluɓe farantin da kake renon bakteriyar cikin rake alamar gurɓata ce. A'a, galibi bakteriyar ce take haɗa shi, domin irin su Gluconacetobacter diazotrophicus, wadda aka gano a Barazil a 1988, suna farfasa sukarin rake, su raba shi zuwa ƙananan sukari biyu da suka haɗa shi, wato gulukos da furuktos, su jera furuktos ɗin cikin doguwar sarƙa mai yauƙi da ake kira leban.

Abin da aiki ya koya mini shi ne a sake renonta a abincin da gulukos kaɗai ke ciki. Idan yauƙin ya ragu ƙwarai, leban ne, tunda ba ya haɗuwa daga gulukos kaɗai. Idan kuwa ya ci gaba da ɗiga a murfin farantin, to ko wata sarƙar ce daban, ko ba a tsabtace ɓawon karan raken sosai ba kafin a yanka shi.