Zan Sayar da Motata: Amsoshin Tambayoyinku

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka sauya salo. A da tambayar ita ce wace mota za a saya. Yanzu kuwa masu neman rabuwa da mota ne suka fi yawa, kuma galibinsu suna son su sayar da kansu, ba tare da sun kai ta wajen masu sayar da motoci ba. Ga waɗanda na zaɓo a wannan mako.

Wani ma'aikaci daga Kaduna: "Ina da Honda EOD mai fulogi shida, mai ya fi ƙarfina. Fentinta ya koɗe. In sake mata fenti kafin in sa ta a kasuwa? Kuma ta yaya zan yanke mata kuɗi?"

Malam, bar fentin nan yadda yake. Mai sayen mota a ƙasar nan fas bodi yake nema, wato mota mai fentinta na asali, kuma da ya ga sabon fenti yana ƙyalli, abin da zai faɗo masa a rai shi ne an yi haɗari da ita ana ɓoyewa. Ka kashe kuɗin fenta, ka kuma sayi zargi. A wanke ta ciki da waje, a juye baƙin mai, a sauya ƙwan fitilar da ya mutu, shi ke nan. Batun kuɗi kuwa, ka zaga wuraren sayar da motoci ka ji nawa ake yi wa irin taka suna, shekara ɗaya, lafiya ɗaya, sannan ka sauko ƙasa da haka, domin a cikin nasu farashin akwai ribarsu da kuɗin fili. Kuma ka shirya zuciyarka: abin da ya sa kake gudun fulogi shida, shi ne zai sa mai saye ya taya da arha.

Wani matashi daga Kano: "Gaskit ɗin Golf ɗina ya ƙone, tana hayaƙi. Bakanikena ya ce akwai mai mai kauri da za a zuba hayaƙin ya ɗauke na 'yan kwanaki, kuma zai iya mayar da lambar tafiyarta baya. Ya ka gani?"

Me kake so in gani? Ka rubuto ne in sa maka albarka a kan ha'inci? Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma ban san wata fatawa da ta cire mota daga wannan ba. Ko ta fuskar duniya ma dabarar banza ce: kafin wanda ya saya ya kai Wudil allurar zafi ta tashi, ya dawo maka da ita tare da 'yan sanda. Ko ka gyara gaskit ɗin, ko ka faɗi aibin ka rage kuɗi. Bakaniken nan kuma ka canza shi. Wanda ya iya koya maka cutar wani, kai ma bai bar ka ba.

Wata baiwar Allah daga Zariya: "Maigidana ya rasu ya bar Corolla. Na fita takaba, ina so in sayar in biya wa yara kuɗin makaranta. Na sa hotonta a Facebook, mutane suna ta kira, wasu suna cewa in kwatanta musu gida. Wallahi tsoro nake ji, ban san komai a kan mota ba."

Allah ya jiƙansa da rahama, ya raya abin da ya bari. 'Yar'uwa, tsoron nan naki hankali ne, kada kowa ya sa ki ji kunyarsa. Amma kafin maganar masu saye, akwai abin da ke gaba: motar tana cikin dukiyar gado. In ba a raba ba, ki tabbatar sauran magada sun amince a rubuce, in kuma akwai ƙananan yara, ki bi ta kotu a ba ki takarda. Wannan zai kare ki daga surutun dangi gobe, kuma mai saye na ƙwarai zai tambaya, tunda sunan marigayi ne a takardun.

Kada ki kwatanta wa kowa gida. Ki cire lambarki daga tallar, ki sa ta wanki ko ƙanin marigayi wanda kika amince da shi, a kuma rufe lambar motar a hoton. Duk mai son gani, a haɗu da rana tsaka a wurin da ke da jama'a, kamar harabar banki ko babban gidan mai ko kusa da ofishin 'yan sanda. Wanda ya ce a kai wa maigidansa mota wata unguwa a bayan gari, ko ya ce sai bayan magariba yake da sukuni, a ce masa Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Takardu na ainihi da makullin ajiya su zauna a gida, hotonsu kawai za a nuna. In zai gwada tuƙi, a ga lasisinsa da katin shaidarsa na ɗan ƙasa, a ɗauki hotonsu a tura wa wani a gida, mutum biyu daga ɓangarenki su shiga motar. Wajen sauya kujera a kashe mota, a zare makulli, sai kowa ya zauna sannan a miƙa, domin a daidai wannan ɗan tsakanin ne ake fizgar mota a bar mai ita a tsaye a titi. Yana da haƙƙin kawo bakanikensa ya duba, amma a gaban idon mutanenki. Mota ba ta kwana a garejin da ba ku sani ba. Da yawa sun dawo an kwashe indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ko an musanya batir. In aka kiyaye waɗannan, ki kwantar da hankalinki. Corolla ba ta kwantai a kasuwar nan, ba sai kin yi gaggawar sallamawa ga mai tayin farko ba.

Wani ɗan kasuwa daga Katsina: "Mun daidaita da wani Alhaji a kan Sienna ɗita, miliyan 9. Ya ce ranar Juma'a da yamma zai zo ya tura kuɗin ta waya ya wuce da motar, don yana da tafiya. Mutum ne mai kamala, da rawaninsa, ina jin nauyin in nuna kamar ban yarda da shi ba."

Yallaɓai, a nan zan ɗan daɗe, domin wannan jin nauyi shi ne ya fi komai cinye dukiyar mutanenmu. Ba na cewa Alhajin nan macuci ne. Amma macuci ma ba ya zuwa da tsumma. Da babbar riga yake zuwa, da carbi, da direba, ya yi sallar la'asar tare da kai, saboda ya san Bahaushe zai iya haƙura da asarar miliyoyi a kan ya ce wa babba "dakata in duba". Kuma me ya sa sai Juma'a da yamma, lokacin da bankuna suka rufe sai Litinin?

Saƙon da ke shigowa waya cewa kuɗi sun shiga ba kuɗi ba ne. Ana ƙirƙirarsa da sunan bankinka, har da ragowar kuɗin da ke kama da gaskiya. Hoton rasit da zai nuna maka a wayarsa, wannan yaro ma zai iya haɗa shi. Abin dogaro guda ne: ka buɗe manhajar bankinka da hannunka, a wayarka, ka ga kuɗin sun hau kan abin da kake da shi. In ya ce matsalar sadarwa ce, an cire a wajensa, za su shigo, to madalla, motar ma za ta jira su shigo. Mafi kyau ku haɗu a banki ranar aiki da safe, a yi komai a gaban ma'aikaci, a buga maka bayanin asusu. Caki kuwa, ko wanda banki ya rubuta ne, takarda ce kawai har sai ya fashe.

Ka lura da sunan da ya turo kuɗin. Lallai ya zama sunan wanda ke tsaye a gabanka, wanda za a rubuta a yarjejeniya. In kuɗi suka fito daga asusun wani can daban, mai yiwuwa na zamba ne, ranar da aka biyo sawu asusunka za a rufe, motar kuma ta daɗe da tsallake iyaka. Haka wanda zai ce ya yi kuskure ya turo fiye da kima, ka mayar masa da ragowar: kada ka mayar da ko sisi sai ta hannun banki. Akwai kuma wata dabara da ta yi yawa a intanet. Wani zai kwafi hotunan motarka ya tallata ta da arha kamar tasa. Ya ce maka zai turo ɗan'uwansa ya duba, ya ce wa mai saye kai yaronsa ne, ya gargaɗi kowannenku kada ya yi maganar kuɗi. Mai saye ya ga mota, ya tura wa ɓarawo kuɗi, ya miƙo maka hannu yana jiran makulli. Saboda haka duk wanda ya zo ganin mota, ka gaya masa da bakinka cewa kai ne mai ita, ga kuɗinta, ga asusun da za a biya.

In kuma ya ce zai kawo tsaba a jaka, ka sani dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Ko ba doka ma, wa zai tantance maka jabu a cikin damin dubu-dubu, kuma wa ya san wanda zai biyo ka gida da dare?

Wani malamin makaranta daga Bauci: "Mijin ƙanwata zai sayi Vibe ɗina, zai ba da rabi, sauran a hankali. Na ce mu rubuta, gida ya ɗauka da zafi, wai na mayar da shi bare."

Malam, kai ke da gaskiya, kada ka ja da baya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma a cikinta aka ce a kafa shaidu idan an yi ciniki. Ba a ce ban da suruki ba. Rubutun nan zumuncin yake karewa, domin bayan wata shida kowa da abin da zai tuna. Ni dai shawarata, in da hali, kada a sayar da mota bashi sam. Da ta bar hannunka, duk abin da ya lalace cewa za a yi da ma haka take, a cire a cikin ragowar kuɗinka. In ya zama dole, takardun ainihi su zauna a wajenka har sai an cika.

Wannan kuma ga kowa da kowa nake faɗa, ko da kuɗi hannu aka biya. A rubuta yarjejeniya: sunan mai sayarwa da mai saye, adireshi, lambar waya, lambar katin ɗan ƙasa, ƙirar mota da launinta, lambar rajista, lambar shasi da ta inji, kuɗin da aka biya, aibin da aka bayyana, da rana har da ƙarfe nawa aka miƙa makulli. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi da hoton ɗan'uwansa. Sannan kada a tsaya nan. Ku tafi tare ofishin lasisin motoci na hukumar tara haraji ta jiharku a yi canjin mallaka. Mutanenmu sun saba mota ta bi hannu biyar takarda tana ɗauke da sunan mutumin farko, kowa yana sabunta lasisi da sunan wanda bai taɓa gani ba. A wannan zamani na garkuwa da mutane da fashin daji? Ranar da aka tsinci motar a wurin ta'asa, ko ta kaɗe mutum direba ya gudu, lambar za a bi, kuma ƙofar wanda sunansa ke rajista za a ƙwanƙwasa. A ranar, "ai na sayar tuntuni" ba ta fitar da kowa sai da takarda.  In mai saye yana noƙewa, ka cire daga aljihunka ka biya, kai yake wa amfani. Ka kuma sanar da kamfanin inshorarka, ka ɓanɓare duk wata alamar wurin aikinka ko ta unguwarku da ke manne a gilashi.

Takardar kwastam ma a faɗi gaskiyarta. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma akwai motoci da yawa a hannun jama'a da suka biyo ta daji daga Kwatano da takardun da ba za su jure bincike ba. In taka tana cikinsu, ka gaya wa mai saye kafin ya biya, a rubuta a yarjejeniya cewa ya sani.

Wani direba daga Sakkwato: "Dillalai uku sun karɓi hoton Sharon ɗina, kowa yana faɗin kuɗinsa daban. Laifi ne?"

Ba laifi ba ne a yi aiki da dillali, sana'a ce, kuma nagari yana rage wahala. Amma uku sun yi yawa. 'Yan kayi-nayi za su yi ta ɗora nasu a kai har motar ta yi tsada ta gundure kasuwa, masu saye su ɗauka wani abu ne da ita. Zaɓi ɗaya wanda aka san rumfarsa da shugabansa, ku yanke la'ada tun kafin ya fara, a gaban shaida. Motar ta zauna a hannunka, kuɗi su shigo asusunka kai tsaye, kai ka ba shi nasa. In an ba da kafin alƙalami, a rubuta ranar cikawa da abin da zai faru in ranar ta wuce ba a cika ba.