Ga ɗan'uwan da ke tsakanin Hilux da Land Cruiser

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun daren jiya na ga tambayarka, na fara rubutu na goge har sau biyu, don ka taɓa mini inda bai gama warkewa ba. Ka ce kuɗinka na iya ɗaukar ɗaya cikin biyu: Hilux ta 2012 mai ƙofa huɗu da injin 2KD, ko Land Cruiser 79 ta 2006 mai kai ɗaya. Ka ce aikinka kai kaya kasuwannin ƙauye ne ta wajen Gure har Tasker, wani lokaci kuma ka kai iyali Kano. Wallahi a kan wannan mararrabar na tsaya shekarun baya, da irin aikinka, da irin lissafinka. Na ɗauki Hilux. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙasa.

Wanda ya kawo mini ita ba baƙo ba ne. Tare muka yi makarantar allo a Zango, ya san tuwon gidanmu, ranar sunan ɗana na fari shi ya riƙe ragon. Ya ce motar ta wani furoje ce a Yamai, ba ta taɓa sauka daga kwalta ba, ga kwanta na nuna kilomita 140,000. Fara sol, kujeru da sabuwar riga. Na ce bari in kira makanikena, ya ce haba Alhaji, ni da kai har sai an sa mutum na uku? Kunya ta kama ni. Na ƙirga masa kuɗi a zauren gidana, muka yi fatiha.

Wata na huɗu da sayenta, cikin bazara, muna dawowa daga Tasker. Mu bakwai ne: ni, yaron motata, mutum uku ƴan kasuwa, sai wata baiwar Allah da ta roƙe ni in sauke ta asibitin Gure da ɗanta mai zawo. Gazuwal ya yi ƙasa, na sayi jarka biyu a wani ƙauye kamar yadda kowa ke yi. Ba mu yi tafiyar awa ɗaya ba mota ta fara ja da baya, ina taka totur tana nishi, farin hayaƙi na fita. Fitilar da ke kamawa in ruwa ya taru a filta ba ta kama ba. Daga baya aka nuna mini wayarta, an yanke an naɗe da salatif an tura can ciki. Da ta kama da na tsaya na tsiyaye ruwan, aikin minti biyar ne. Haka na yi ta matsa mata har ta mutu a tsakiyar rairayi.

Babu rezo, babu inuwa sai wata ƙaramar aduwa. Ruwan shanmu jarka ɗaya ce, ita ma an sha rabi. Muka ɗaura tampol jikin mota, matar ta shiga ƙarƙashi da yaron. Ɗan'uwa, ranar farko yaron yana kuka. Rana ta biyu ya daina kukan, kuma wannan shirun shi ne abin da har yau yake tashe ni da dare. Uwar ba ta ce mini uffan ba, ba ta zarge ni ba, sai dai ta jiƙa bakin gyalenta tana ɗiga masa a leɓe. Ina ma ta zage ni. Ni na ce mata ta shigo, ni na ce mata kafin la'asar muna Gure. Yarona ya kwance filta, ya hura, ya mayar, muka yi ta murza makulli har batir ya mutu. Ɗaya daga cikin ƴan kasuwar, dattijo ne, ya kira ni gefe ya gaya mini sunan wanda yake bin sa bashi a Kasuwar Dole, ko da Allah zai yi ikonsa. Da yammacin rana ta biyu wasu makiyaya suka ɓullo da raƙuma, suka ba mu nono da ruwan salka. Allah ya saka musu da aljanna, ban san sunan ko ɗaya ba.

Da asubahin kwana na uku muka ji ƙarar inji daga nesa. Tsohuwar Land Cruiser ce, shaƙe da awaki, fentinta duk ya koɗe. Direban ya ɗauki matar da ɗanta a gaba, ya ɗaure mu da igiya ya ja. A hanya na tambaye shi inda ya sha mai. Ƙauyen nan dai, wurin mutumin nan dai. Ya ce tasa ma ta yi tari, ya tsaya ya kwance ƙasan filta ruwa ya zuba, ya danna famfon hannu, ya ci gaba. Yaron ya rayu, alhamdu lillahi, kwana tara suka yi a asibiti.

Ba laifin Hilux ba ne, kada wani ya ce na ɓata ta. Injin 2KD silinda huɗu ne, lita 2.5, da turbo, kwamfuta ke raba masa mai, kuma injektocinsa ramukansu ƙanana ne ƙwarai, da matsi mai tsanani suke feshi. Ruwa ko ƙura kaɗan ya ishe su. Land Cruiser ɗin da kake magana injin 1HZ gare ta, silinda shida, lita 4.2, babu turbo, famfon mai na ƙarfe ne zalla. Tun 1990 ake ƙera wannan injin, shi ya sa makaniken Tanut da na Gure da na Belbeji duk sun san cikinsa kamar tafin hannunsu. Hilux ɗin tawa kuwa sai da na sayo injekta huɗu da famfo a Ƙofar Ruwa a Kano, sannan aka nemo mai kwamfuta ya shigar da lambobinsu. Wata biyu tana garaji, kasuwa takwas ta wuce ni, sai da na sayar da shanu biyu na uwar gida, har yanzu ɗaya ban mayar mata ba.

A garajin ne asiri ya tonu. Da aka ɗaga ta, ga walda a shasi bayan kai, an shafe da baƙin fenti. Aka buga ramin shasin, rairayi ya yi ta zuba. Wani direba da ya zo gyara ya gane ta, ya ce ai wannan ta yi shekaru tana jigilar ƴan zinari zuwa Jado tun da abin ya ɓarke a 2014. Na je na sami mutumin nawa a gida. Ban ɗaga murya ba, na gaya masa zancen yaron kawai. Ya gyara hularsa ya ce, Alhaji, mota ai ƙarfe ce, yau lafiya gobe ciwo. Ko sannu bai ce ba. Wannan ce ta fi ƙona ni, ba kuɗin ba. Har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a, ya miƙo hannu in karɓa saboda Allah, amma zuciyata ba ta karɓa. Manya sun ce in bar shi, na bar shi. An ce mini yana nan yana dillancinsa, da sabuwar mota a ƙofar gida.

To, ni dai da irin hanyarka Land Cruiser zan ɗauka, ita nake ja yanzu shekara uku. Amma ka sani tana sha. Tawa da kaya lita 14 zuwa 15 take ci a kilomita 100, a rairayi ta wuce haka, alhali Hilux ba ta cika wuce mini 10 ba. Juyen mai ma kusan lita 10 na baƙin mai take ɗauka. Ba ta da gudu, kuma in babu kaya a baya tana dukan ƙugu, don sifirin bayanta na ɗaukar nauyi ne. Zancen kai iyali Kano kuwa, mutum biyu za ka sa a gaba, sauran fa? Ni mota nake ɗaukar musu a tasha, mu haɗu can. Ka yi shawara da mai ɗakinka tun yanzu, don ni sai da aka yi wata guda ana fushi da ni. Sannan ido na kanta, ɓarayin daji ita suke so, kada ka kwana da ita a inda ba ka san mai gari ba, kada kuma ka yi tafiyar arewa kai kaɗai.

In zuciyarka ta fi kwanciya da Hilux, ba zan hana ka ba, mota ce mai albarka ga wanda rabin tafiyarsa kwalta ce, Magarya, Matamaye, Kano. Sai dai ka haramta mata man jarkar bakin hanya. Tun 2011 matatar SORAZ na nan kan hanyar Tanut, gazuwal a ƙofar gidanmu ake tace shi, ka cika a gidan mai cikin gari, ka ɗauki naka jarkokin masu tsabta. Filta biyu sababbi su zauna ƙarƙashin kujera. Ruwan sha kuma, don girman Allah, jarka uku ko da tafiyar yini ce, ka haɗa da gishiri da sukari saboda yara. Ban ƙara fita gari babu su ba.

Ko wacce ka tsaya a kai, ka je da makanikenka, ko da mai sayarwar ɗan ɗakinku ne. Ku je da sassafe kafin a tayar da ita, ka dafa injin ka ji da sanyinsa, ka ga irin hayaƙin da za ta fara fitarwa. Ka murza makulli rabi ka ƙirga fitilun gaban direba, duk su kama. Kada ka dubi kwanta, ka dubi robar birki da ta kulochi da sitiyari, su ba sa ƙarya. Ka shiga ƙarƙashi da tocila da kanka. Bel ɗin taimin, dukansu biyu bel gare su, ka canza shi ranar da ka saya ko me aka ce maka. Takardun duwan ka gwada lambarsu da wadda ke jikin shasi harafi da harafi.

Ba ka faɗi ko nan Damagaram motocin suke ba. In nan suke, ka yi mini magana ta gefe, ranar Asabar ba ni da kasuwa, zan zo da makanikena mu duba su tare.