Amsa: Tsohon kare a gida mai mage da kaji

Hajiya, kin ce maƙwabcinku a Samaru zai tashi, yana son bar muku ɗan ƙaramin karensa da ya tsufa, ga ku da mage da kaji da babban karen gadi. Ni dai a ganina ki karɓe shi. Amma kafin ya taka gidan, a kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, tunda yana kusa da ku. A yi masa allurar rigakafin haukan kare, a ba shi maganin tsutsar ciki, a duba kaska a cikin kunnuwa da tsakanin yatsu.

Da babban karen, a waje za su fara haɗuwa, kowanne da igiya a hannun mutum, su shinshini juna. A kan abinci rigima ke tashi, don haka kowa da kwanonsa, nesa da juna. Mage ta san hanyar katanga. Kajin ne za ki kulle a akurki kwanakin farko.

Haƙoran tsohon kare ba su da ƙarfi, a riƙa jiƙa masa tuwo da romo, ban da dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya ji masa ciwo. In hunturu ya shigo, sanyin Zariya na kama masa gaɓoɓi, don Allah a shimfiɗa masa buhu da tsumma a lungun da iska ba ta bugawa.