Magatakarda, darakta da zancen mugun bafade

Tambaya: Malam, mene ne bambancin magatakarda da sakatare da akawu, kuma ko ya dace a yi wa darakta da babban mataimakinsa karin maganar nan, "Ba a mugun sarki sai mugun bafade"?

Amsa: Magatakarda ginin Hausa ne: "ma" ta mai aikatawa, da "ga" ta gani, sannan "takarda", wato wanda takarda take bi ta idonsa kafin ta isa ga shugaba. Sakatare da darakta an aro su daga Ingilishi, akawu kuwa daga Yarbanci, kuma ta fi zama a kan ƙaramin ma'aikaci mai rubutu da adana lissafi. Magatakarda ta fi akawu nauyi nesa ba kusa ba, shi ya sa kafafen yaɗa labarai suke kiran Antonio Guterres, wanda ya kama aiki a 2017, babban magatakardan Majalisar Ɗinkin Duniya.

Batun karin maganar ya fi buƙatar natsuwa. Darakta ne mai wuƙa da nama, domin shi yake tsara manufa, ya amince da kashe kuɗi, ya sa hannu, ya kuma amsa tambaya a gaban hukumar gudanarwa. Babban mataimaki ba ya yanke hukunci, amma shi yake tace wasiƙu, ya tsara wanda zai ga darakta da lokacin da zai gan shi, ya rubuta abin da aka cimma a taro, ya bi sawu har a aiwatar. Fayil ɗin da ya ɗora a sama za a duba shi kafin a tashi, wanda ya tura ƙasa kuwa yana iya kwana arba'in yana shan ƙura, kuma duk wanda ya taɓa jin "Yallaɓai yana ganawa, a dawo gobe" ya san girman wannan kujera.

Ta wannan fuska maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai a ganina tana ɗauke da ladabin fada, inda ake kauce wa ambaton laifin babba a jingina shi ga na kusa da shi. A ma'aikata hakan ba ya wanke darakta, tunda shi ya ɗauki mataimakin ko ya yarda ya ci gaba da zama, kuma idan masu binciken kuɗi suka zo, sa hannunsa za su tarar a ƙasan takardar.