Daga riba ake cire kason ƙungiya

Malama, kin tambayi yadda za ki tallafa wa ƙungiyar gyaran tarbiyyar matasa da sana'ar sarƙa da 'yan kunne. Daga riba za ki cire kasonsu, in kika taɓa uwar kuɗi jari zai narke. Lissafa kuɗin duwatsu, zare, ƙugiya da ladan hannunki, ki cire su daga cinikinki, sannan ki ware kashi 10 cikin 100 na ragowar a asusu daban.

Saro kaya da dozin a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ta Kaduna. Guji ƙugiya mai araha: zufar Afrilu kan baƙanta ta, ƙarfen nikel ɗin cikinta kuma ya fesa wa wasu ƙuraje a wuya. Ki ga takardar rajistar ƙungiyar daga CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ki karɓi rasit in kin ba su kasonsu. Hoton yaran ƙungiyar kam, kar ya hau talla.