Amsa: Digirin bincike kan ƙwaƙwalwa, a Jos ko a waje?

Ƙanwata, kin ce kin gama digirin farko a fannin aikin gaɓoɓin jiki, kina tambaya ko sai kin fita waje kafin ki yi bincike kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ba lallai ba. A nan galibi ta sashen anatomi (tsarin jiki), fisiyoloji (aikin gaɓoɓin jiki) ko ilimin magunguna ake shiga, sai aikinki ya karkata kan ƙwaƙwalwa.

Ni dai da zan sake, malamin da zai duba aikin zan fara nema kafin sunan jami'a. Ki karanta abin da ya wallafa, ki leƙa ɗakin gwajinsa da idonki, ki tambayi ɗalibansa shekara nawa suka yi. Ki tambayi maganar wuta ma. Na taɓa rasa samfurin ƙwaƙwalwar ɓeraye na wata huɗu: wuta ta ɗauke ranar Juma'a, janareta ba mai, Litinin na buɗe firiza na tarar komai ya narke. Har yau ba na son tunawa.

Shi ya sa nake son ƙudan 'ya'yan itace, Drosophila. Ga arha, kuma cikin kwana 10 ƙwai ya zama babban ƙuda. Ƙwaƙwalwarsa ƙwayoyin jijiya kusan 140,000 ne, tamu kuwa kusan biliyan 86, amma ana koyon abubuwa da yawa a kai. Sai dai sanyin hunturun Jos na rage musu saurin girma.

Tallafi kuma, ki duba IBRO, ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, da TReND in Africa, mai tallafa wa koyarwa da binciken kimiyya a Afirka. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, sai kina koyarwa a jami'a ko wata babbar makaranta ta gwamnati.